Rumbun Albasa

Likita a Birnin Kebbi ta ba ni ajiyar kalmomi biyar,
ta ce in riƙe, za ta dawo ta karɓa:
ƙwarya, shuɗi, jirgi, gishiri, da wata.
Ta sa na zana agogo a farar takarda.
Da ta waiwayo ajiyarta, uku na miƙa.
Biyu sun zube a hanya, kamar daga buhu mai huda.

Ta ce, "Baba, akwai 'yar tangarɗa,
amma ba ta kai yadda kake faɗi ba."
Na ce, "'Yar nan, ni ke kwana cikin kan nan, ba ke ba."
Ta aje biro, ta dube ni:
"Yaushe rabonka da dariya?"
Wannan ta fi biyar ɗin wuya.

Ni ne fa Namakka na Aliero.
Shekara arba'in ina auna albasa da ido,
bashin mutum talatin a ka, ba alƙalami,
na san wanda ya biya a Jega,
na san wanda ya sulale ta Kamba.
Yau ga ni tsakar gida, buta a hannu,
ina tambayar gwiwar hannuna ko ta jiƙa.

Amma bari in faɗi gaskiya, tunda ba ciniki muke ba.

Ranar da Ige ta cika shekara a ƙasa
na nemi hulata har azahar, tana bisa kaina.
Na kira jikata da sunan uwarta.
Na zauna a zaure ina ƙirga abin da ya ɓace,
kuma mai ƙirga asara ba ya rasa abin ƙirgawa.
Na ƙi tuwo. Na ƙi rediyo.
Na ce shi ke nan, rumbu ya ruɓe tun daga ƙasa.

Sai ranar da Bawa Direba ya iso daga Yauri
da busasshen kifi da tsofaffin ƙarairayinsa.
Ni na tuna masa lambar motar da ta kafe da mu a laka,
da kuɗin buhu shekarar da ruwa ya ci fadama,
har sunan mai tuwon da ta hana shi bashi.
Muka yi ta ƙyaƙyatawa har tari ya raba mu.
Ranar ma makullin shago ya ɓace mini.
Na ce zai fito.
Ya fito, a aljihun da na laluba sau biyu.

Makulli ɗaya ne, mantuwa ɗaya.
Ran da zuciya ta yi nauyi, sunanta mutuwa.
Ran da ta sake, tsufa ce kawai ta leƙo gaisuwa.

Ai na san wannan tun ina yaro, a rumbun babana:
in ka toshe wa albasa iska,
uku su lalace, wari ya cika ɗaki,
ka rantse duk kaya ya tafi.
Buɗe ka juya. Tsince na tsincewa.
Saura na nan jawur, da ɓawonsu mai ƙara.

Ban ce babu ruɓaɓɓu ba.
Akwai. Baɗi ma ƙila su ƙaru.
Likita ta ce in dawo bayan wata shida,
in riƙa fita majalisa, in daina zama da shiru kamar baƙo.
Jikata ta kafa ƙusa bayan ƙofa don makulli.

A motar dawowa, daf da kwanar gida,
gishiri ya faɗo mini a baki.
Na faɗe shi da ƙarfi, fasinjoji suka juyo.

Ta biyar har yanzu ba ta zo ba.
Daren jiya na fito shan iska,
na ɗaga kai, ga shi fari tas bisa rumbu.
Na daɗe ina dubansa,
kamar wanda ke riƙe mini da wata ajiya.